Yadda Ake Gwada Ruwan Rijiya da na Burtsatse Kafin a Ce Wa Jama'a Su Sha

Ido da harshe ba sa iya tantance ruwan sha. Ruwa yana iya fitowa daga burtsatse garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali yana ɗauke da abin da zai lanƙwasa ƙashin yaro. Haka ta faru a garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, inda aka shafe shekaru ana shan ruwa mai yawan sinadarin fuloraid, sai da yara masu ɗimbin yawa suka nakasa kafin a gano daga ruwan ne. Wannan bayani na yi shi ne domin ma'aikacin duba-gari da ɗan kwamitin ruwa na unguwa da ɗalibin da aka tura gwajin ruwa karon farko. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, yawancin sakamakon banza ba daga na'ura yake zuwa ba, daga hannun wanda ya ɗebi ruwan yake zuwa.

Kayan aiki

Kwalabe iri biyu. Na farko su ne waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, masu cin mililita 100 zuwa 250, domin gwajin ƙwayoyin cuta. Idan ruwan da za ka ɗiba an sa masa kilorin, ka nemi masu ɗauke da 'yar ƙwayar sinadarin tayosalfet a ciki, wadda ke kashe ƙarfin kilorin. Na biyu robobi ne masu tsafta na rabin lita ko lita guda, domin gwajin sinadarai.

Kula mai rufuwa sosai da ƙanƙara. Na'urar aljihu ta auna pH, wato tsami ko kanwar ruwa, tare da ruwan saitinta mai lamba 4 da 7 da 10. Na'urar auna zartsi, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da TDS. Bututun auna duhun ruwa, doguwar roba ce mai haske da aka zana alamar baƙi a gindinta. Ƙaramin akwatin gwada kilorin da ƙwayoyinsa na DPD lamba 1. Takardun tsomawa na naitaret da na ƙarfe. Domin ƙwayoyin cuta kuma, kwalaben gwajin H2S, waɗanda ruwa mai ƙazanta ke yin baƙi a cikinsu, ko cikakken akwatin tacewa irin na DelAgua idan ofishinku yana da shi.

Sauran su ne auduga, sifirit, ashana, ɗan hantsaki, safar hannu, igiya sabuwa, sirinji, tataccen ruwa irin na ɗakin gwaji, maka mai tawadar da ruwa ba ya gogewa, da littafi mai kauri. Wayarka ta ishe ka ɗaukar hoto da lambobin wurin a taswira.

Idan ba ka samu kwalaben da aka riga aka tsarkake ba, ka nemi na gilashi masu murfin ƙarfe, ka wanke su, ka sassauta murafan, ka sa su a tukunyar matsin tururi minti 15 bayan ta fara fito. In babu ita ma, a tafasa su minti 20 a rufe nan take. Hanya ce ta rashin yadda za a yi, amma ta fi gorar lemo da aka ɗauraye.

1. Zagaya wurin kafin ka taɓa ruwan

Ka ba wannan minti goma. Nawa ne tsakanin rijiyar da salga mafi kusa? Abin da aka saba nema shi ne mita 30, kuma kada salgar ta kasance a tudu rijiyar a gangare. A tsofaffin unguwanninmu, inda gida ke manne da gida, da wuya ka samu hakan, don haka ka rubuta tazarar da ka gani, ba wadda ya kamata ba. Duba daɓen siminti ko ya tsage, ko ruwa yana kwanciya a gindin famfon, ko akwai kwata ko juji ko turken dabbobi kusa. Duba ko rijiyar tana da murfi, da inda ake ajiye guga. Ka tambayi matan gidan da 'yan garuwa ko ruwan yana canza launi bayan an yi ruwan sama. Rijiyar da ke yin ja washegarin ruwan sama, ruwan saman ƙasa yana zurara cikinta, kuma wannan kaɗai ya isa a gyara ta ko me gwaji ya nuna.

2. Saita na'urori

Ana yin wannan da safe kafin a fita. Tsoma na'urar pH a ruwan saiti mai lamba 7, ka saita, ka ɗauraye bakinta da tataccen ruwa, sannan mai lamba 4 ko 10. Na'urar zartsi ana saita ta da ruwa mai lamba 1413. Kada ka mayar da ruwan saitin da ka yi amfani da shi cikin kwalbarsa. Kada kuma ka bar bakin na'urar pH ya bushe, ko ka jiƙa shi a tataccen ruwa ka ajiye. Yana da nasa ruwan ajiya, in babu shi ka sa na lamba 4. Duba ranar lalacewar ƙwayoyin DPD da takardun tsomawa. Zafin bazara yana kashe su tun wa'adinsu bai cika ba, musamman idan an bar su a cikin mota.

3. Ɗiban ruwan

Nan aikin yake. Ka rubuta a jikin kowace kwalba kafin ta jiƙe: sunan wuri, lamba, kwanan wata, lokaci.

Idan famfo ne na kan bututu, ka cire duk wata roba ko tsumma da aka ɗaura a bakinsa, ka goge shi, ka buɗe ya zuba minti biyu zuwa uku. Rufe shi. Jiƙa auduga da sifirit, riƙe ta da hantsaki, kunna mata wuta, ka gasa bakin famfon kamar minti guda. Idan bakin roba ne kada ka sa wuta, ka shafe shi da ruwan bilic ka jira minti biyu. Sake buɗewa a hankali ya zuba minti ɗaya ko biyu, sannan ka buɗe kwalbar. Murfin ya zauna a hannunka yana kallon ƙasa, kada ka ajiye shi a kan daɓe, kada yatsanka ya taɓa cikinsa ko bakin kwalbar. Kada ka ɗauraye wannan kwalbar, don za ka zubar da sinadarin da ke cikinta. Kada ka cika ta fal, ka bar sarari kamar faɗin yatsu biyu domin a iya girgiza ta daga baya.

Famfon tuƙa-tuƙa da burtsatse mai injin, a buga ko a kunna aƙalla minti biyar kafin a ɗiba, domin ruwan da ya kwana a cikin bututu ya fita. Dabarar da ta fi kyau ita ce ka riƙa tsoma na'urar zartsi a ruwan da ke fitowa. Idan lambarta ta daina motsi, ruwan ƙasa na ainihi ya iso.

Rijiyar guga tana da nata salon. Ka ɗaura kwalbar a igiya sabuwa tare da tsaftataccen dutse, ka zura ta a tsakiya ba tare da ta gogi bango ba, ta nutse kamar taƙi ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ruwa amma kada ta kai laka. Sannan ka sake ɗibar wani samfurin da gugan da masu gidan suke amfani da shi. Bambancin da ke tsakanin biyun zai gaya maka ko rijiyar ce da matsala ko gugan.

Akwai samfur na uku da mutane ke mantawa: na cikin randa ko jarka. Sau da yawa ruwan yana barin burtsatse lafiya lau, sai ya lalace a jarkar ɗan garuwa da ba a wanke cikinta, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu. Ka ce wa mai gida ya zuba maka kamar yadda zai zuba wa yaronsa, da moɗar da aka saba. Abin da yaron ke sha kenan, ba abin da ke bakin famfo ba.

Robobin gwajin sinadarai su ana ɗauraye su sau uku da ruwan da za a gwada, a cika su fal, a rufe. Duka su shiga kula nan take. Samfurin ƙwayoyin cuta ya zauna da sanyi ƙasa da digiri 10, kada ya daskare, kada ruwan ƙanƙara ya shanye murfinsa. A fara gwada shi cikin awa shida. In ya kwana ya wuce awa 24, zubar da shi ka sake ɗibowa.

Ka tafi da kwalba guda da ka cika da tafasasshen ruwa daga gida, ta yi yawo da kai, a gwada ta tare da sauran. Idan ita ma ta nuna ƙwayoyin cuta, to aikin ranar ya tashi, daga hannunka ne ko daga kayanka. A kowane wuri goma kuma ka ɗebi samfur biyu a wuri ɗaya don ka ga ko za su yi daidai.

4. Abin da ake aunawa a bakin rijiya

Abubuwa huɗu ba sa jira a kai su ofis.

Duhun ruwa. Ka tsaya a inuwa mai haske, ka juya wa rana baya, ka riƙe bututun a tsaye kana kallo ta sama, kana zuba ruwa kaɗan-kaɗan har alamar da ke gindi ta ɓace. Karanta lambar da ruwan ya tsaya. Idan ka cika bututun kana ganin alamar, duhun bai kai 5 ba a ma'aunin NTU, kuma abin da ake so kenan. Muhimmancinsa shi ne ƙwayoyin cuta suna laɓewa a cikin laka, kilorin ba ya kai gare su. Ruwan da ya haura 5 sai an kwantar da shi da alam ko garin ƙwayar zogale, ko an tace, kafin a sa masa magani.

pH, wato ko ruwan ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Ana son sa tsakanin 6.5 da 8.5. A auna cikin minti 15. Ƙasa da 6.5 yana cin bututun ƙarfe, sama da 8 kuma kilorin yana rage ƙarfi.

Zartsi. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta sa iyakar narkakkun gishirai a miligiram 500 cikin lita. Wannan lamba ba ta gaya maka ruwa yana da lafiya. Masu sayar da matatar ruwa suna tsoma wannan 'yar na'ura a kofi su ce ga hujja, alhali ruwan da ke cike da ƙwayoyin kwalara zai iya nuna lamba ƙarama. Amfaninta na gaskiya shi ne kwatance: idan rijiyoyin unguwa duka suna nuna 200 sai guda ta nuna 900, je ka duba abin da ke tsiyaya cikinta.

Kilorin, idan ruwan famfon gwamnati ne ko na tanki da aka sa wa magani. Ɗauraye akwatin gwajin sau uku, cika shi zuwa layi, jefa ƙwayar DPD lamba 1 ba tare da ka taɓa ta da hannu ba, rufe ka girgiza, ka kwatanta launin hoda da ya fito cikin minti ɗaya, kana kallon farin bango ko sararin sama. A bakin famfon mai sha ana son 0.2 zuwa 0.5 miligiram a lita, a lokacin annobar amai da gudawa kuma kada ya gaza 0.5. Tarko ɗaya: idan kilorin ya yi yawa ƙwarai, launin yana bayyana ya ɓace nan take, sai ka ɗauka babu. In hancinka yana jin warin bilic akwatin kuma ya ce babu, ka sirka ruwan da tataccen ruwa kashi ɗaya cikin goma ka sake.

5. Gwajin ƙwayoyin cuta

Ba a farautar ƙwayar kwalara ko ta taifot kai tsaye, aikin yana da tsada da wahala. Ana neman E. coli, ƙwayar da ke zaune a hanjin mutum da dabba. Ganinta a ruwa shaida ce bayan gida ya shiga, kuma duk hanyar da ta bi sauran ma za su bi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko guda a mililita 100.

Hanya mafi sauƙi ita ce kwalbar H2S. Ka zuba ruwa zuwa layi, ka rufe, ka ajiye a ɗaki inda ɗumi yake tsakanin digiri 25 da 35, ka duba bayan awa 24 da kuma 48. Idan ya koma baƙi, akwai alamar ƙazanta. Da hunturu ɗaki yana yin sanyi da dare, sai a naɗe kwalbar a sa a aljihu na ciki ko a kula tare da gorar ruwan ɗumi. Wannan gwajin ba ya ƙirga komai, kuma wasu ƙwayoyin ƙasa marasa illa suna iya baƙanta shi. Na fi ɗaukarsa a matsayin mai nuna wace rijiya za a koma wa da gwaji na sosai. Yana da wani amfani kuma: mai gidan da ya ga ruwansa ya koma baƙi da idonsa ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Hanyar tacewa ita ke ba da adadi. Ana tsarkake kofin tacewa ta hanyar ƙona 'yan ɗigon metanol a ciki a rufe minti 15. Da hantsakin da aka gasa a wuta ya huce, a ɗora takardar tacewa mai ramuka masu faɗin maikiron 0.45, a zuba mililita 100 na ruwan, a zuƙe da famfon hannu. A ɗauke takardar a kwantar da ita a kan audugar da aka jiƙa da abincin ƙwayoyin a cikin faranti, a kula kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. A bar ta ta huta awa ɗaya zuwa huɗu, sannan a sa a na'urar ɗumama a digiri 44 na tsawon awa 18. Da an fitar, a ƙirga ɗige-ɗige masu launin ruwan ɗorawa cikin minti 15, domin launin yana canzawa idan sun huce. Masu launin hoda ko marasa launi ba a sa su a lissafi. Ka caja batirin na'urar tun daren jiya. Wuta ta ɗauke a tsakiya, sakamakon ya lalace. Ruwa mai duhu yana toshe takardar, don haka a tace mililita 10 kawai a ninka adadin sau goma.

Idan ɗigon da aka ƙirga a mililita 100 daga 1 zuwa 10 ne haɗarin kaɗan ne, 11 zuwa 100 matsakaici, sama da 100 babba. Bayan an gama, a jiƙa farantai da kwalabe a bilic mai ƙarfi ko a dafa su a tukunyar matsin tururi kafin a zubar. Abin da ke cikinsu ƙwayoyin cuta ne da ka kiwata da kanka.

6. Naitaret, ƙarfe da fuloraid

Naitaret yana zuwa daga salga da takin zamani da turken dabbobi. Tsoma takardar na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka jira daidai lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, da agogo ba da ƙiyasi ba, sannan ka kwatanta. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Ka lura da abin da gwangwanin ke aunawa: wasu suna ba da lambar naitarojin ɗin da ke ciki kawai, wanda sai an ninka shi da 4.43. A irin wannan, 11 ita ce iyaka, ba 50 ba. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jaririn da bai kai wata shida ba da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan, domin sinadarin yana hana jininsa ɗaukar iska.

Ƙarfe idan ya wuce miligiram 0.3 a lita yana sa ruwa ja, ya ɓata fararen kaya, ya canza ɗanɗanon shayi. Ba shi da wata illa babba ga lafiya, amma ina ɗaukarsa da muhimmanci saboda yana kora mutane daga burtsatse mai lafiya su koma kududdufi. Ka gwada ruwan farko na safe, ka sake bayan an daɗe ana bugawa. In ya ragu sosai, bututun ne ke tsatsa, a canza shi da na roba.

Fuloraid iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Takardun tsomawa ba abin dogaro ba ne a nan, sai na'urar auna launi ko ɗakin gwaji. Ka dubi haƙoran yaran da aka haifa a garin. Idan da yawansu suna da fari-farin tabo ko ja-ja, kuma yara ne da ba su fara cin goro ba, ka tura samfur. An san yankin Langtang a jihar Filato da wannan matsalar.

Kada ka ce wa mutane su tafasa ruwa saboda naitaret ko fuloraid ko dalma. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Waɗannan sinadaran ƙara taruwa suke yi yayin da ruwan ke ƙonewa.

7. Abin da sai ɗakin gwaji

Dalma, asenik da kuromiyam ana maganar su ne a ƙananan adadi ƙwarai: 0.01 miligiram a lita ga biyun farko, 0.05 ga na ukun. Ba ko'ina ake buƙatar wannan gwajin ba, amma inda ake niƙa ko wanke dutsen zinariya dole ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ƙura da ƙasa ne suka fi kai gubar jikin yaran, don haka a irin wannan wuri gwajin ruwa kaɗai bai wadatar ba, a haɗa da na ƙasa. Rijiyoyin da ke kusa da masana'antun jima, irin na Challawa da Sharaɗa a Kano, su kuma kuromiyam za a nema.

Ka karɓi robar daga ɗakin gwajin da za ka kai wa, wadda aka wanke da asid. Ana ɗiga wa samfurin asid na naitirik har pH ɗinsa ya sauka ƙasa da 2, hakan yana hana ƙarafan mannewa a jikin roba kuma yana sa ya daɗe har wata shida. In ba ka saba riƙe asid ba, ka kai shi da sanyi a ranar su ɗiga da kansu. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i, da hukumar samar da ruwan karkara ta jiharku, nan ake fara tambaya.

8. Rubutu da maimaitawa

Gwaji ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa. Kowane wuri a gwada shi aƙalla sau biyu a shekara, a ƙarshen rani da kuma tsakiyar damina wajen Agusta, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa ya haɗu da na salga. A ƙara bayan ambaliya, bayan an gyara famfo, da duk lokacin da gudawa ta yawaita a unguwa. Kilorin na tanki shi kullum ne. A ware wa kowace rijiya shafinta a littafi, a rubuta lamba tare da ma'auninta, da yanayin sama na ranar, da sunan wanda ya ɗiba.

Idan an samu E. coli, a sanar da masu rijiyar a ranar su fara tafasawa ko sa magani, a toshe hanyar da ƙazantar ke bi, sannan a wanke rijiyar da kilorin. Wanda ya zuba magani bai gyara daɓe ba, mako biyu ya koma gidan jiya. Don sanin yawan maganin da tanki ke buƙata, a narka giram 15 na garin kilorin mai ƙarfin kashi 70 a lita ɗaya ta ruwa. A jera bokiti huɗu na lita 20, a sa musu mililita 1, da 1.5, da 2, da 2.5 da sirinji, a motsa, a jira minti 30, a gwada kowanne da DPD. Bokitin da ya fara nuna 0.5 shi za a bi, a ninka adadinsa gwargwadon girman tankin. Rijiyar da aka wanke kuma, a jira kwana bakwai zuwa goma bayan warin kilorin ya ɓace, sannan a sake ɗibar samfur.